Tsara Ajin Tafi-da-Kowa a Makarantun Firamare na Yankin Bagauda: Nazari kan Fili, Lokaci da Rukunin Ɗalibai

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda za a tsara ajin firamare a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ta yadda zai ɗauki yara mabambanta: mai raunin gani ko ji, mai lalurar ƙafa, ɗan makiyayin da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, da yaron da aikin gona kan ɗauke shi daga makaranta na tsawon makonni. An bi hanyar nazarin takardun manufa, da lissafin fili, da kwatanta ajin boko da makarantar allo. Hujjar takardar ita ce, abubuwa biyu ne suka fi daskarar da ajin karkara: benci mai haɗe da tebur da aka jera sahu-sahu, da ɗaure karatun yaro ga shekarunsa da kalandar zango. Idan aka sassauta waɗannan biyun, yawancin yaran da ake bari a baya za su sami gurbi ba tare da jiran na'urori masu tsada ba.

1.0 Gabatarwa

Yankin Bagauda, a ma'anar wannan takarda, shi ne kudancin Jihar Kano tun daga Bebeji da Kiru, inda titin Zariya ya ratsa, har zuwa Tudun Wada da Doguwa a kan hanyar da ta bi ta dajin Falgore zuwa Jos. Ƙasar noma ce da kiwo. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta sa noman rani ya zama sana'ar da ke cin hannuwa da dama, Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa, Riruwai kuwa an san ta da haƙar kuza. Wannan yanayin rayuwa shi ke yanke wane yaro zai zo makaranta, a wane wata, kuma da wane harshe a bakinsa.

Ta fuskar doka, babu sauran gardama a kan haƙƙin waɗannan yara. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a domin kowa ya iya shigarsu, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Dokar ta-ɓaci na nufin ginin azuzuwa da sayen kujeru masu yawa, abin da aka gina yanzu kuma shi za a zauna a cikinsa shekara talatin ko fiye. Saboda haka lokacin tattauna fasalin aji shi ne kafin a ba da kwangila.

Manufar takardar ita ce ta fito da nau'o'in bambancin da ke cikin ajin wannan yanki, ta tantance sassan tsarin aji da ke mayar da bambancin ya zama cikas, sannan ta kawo sauye-sauyen da malami ɗaya mai ɗalibai masu yawa zai iya ɗauka. Ana nufin "ajin tafi-da-kowa" da ajin da aka tsara tun farko domin dukan yaran unguwa su yi karatu tare. "Sauyuwa" kuma ita ce damar juya zama, rukuni ko lokaci gwargwadon buƙatar darasi.

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin da Suka Gabata

Matakin farko na ilimin masu buƙata ta musamman a Nijeriya na keɓewa ne. Mishan sun buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, Andrew Foster ya kafa makarantar kurame a Ibadan a 1960, Kano kuwa ta sami makarantar Tudun Maliki a 1977, shekarar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fara fitowa da sashe a kan ilimi na musamman. Ra'in da ke ƙarƙashin wannan tsari shi ne cewa matsalar tana jikin yaro, don haka sai a kai shi inda ƙwararru suke.

Rahoton Warnock na 1978 a Ingila ya karkatar da hankali daga sunan lalura zuwa buƙatar karatu. Oliver (1983) ya ƙara gaba da ra'in zamantakewa, wanda ya bambanta raunin gaɓa da naƙasar da muhalli ke haifarwa: gurgu bai rasa shiga aji ba sai da aka sa matakala a bakin ƙofa. Sanarwar Salamanka ta 1994, wadda gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka amince da ita, ta ɗora wa makarantar unguwa nauyin karɓar kowane yaro. Sashe na 24 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa ta 2006, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ya mayar da wannan ra'ayi wajibi.

Ta ɓangaren fasalin gini, Ronald Mace ya yaɗa ra'in zayyanar gama-gari, wato a ƙera abu tun asali yadda mafi yawan mutane za su iya amfani da shi ba sai an yi masa kwaskwarima ba. Rose da Meyer (2002) sun kawo ra'in cikin koyarwa: a gabatar da darasi ta hanyoyi da dama, a bar yaro ya nuna abin da ya sani ta hanyoyi da dama, a kuma jawo sha'awarsa ta hanyoyi da dama. Barrett da abokan aikinsa (2015) sun nazarci azuzuwa 153 a makarantun firamare 27 na Ingila, suka gano cewa fasalin aji ya bayyana kashi 16 cikin 100 na bambancin ci gaban yara a shekara ɗaya, kuma haske da zafi da iska ne suka ɗauki kusan rabin wannan tasiri.

Giɓin waɗannan ayyuka a bayyane yake ga duk wanda ya san ajin karkarar Kano. An gina su a kan aji mai yara kusan talatin, da wutar lantarki, da mataimakin malami. Kwafo shawarwarinsu kai tsaye yakan haifar da jerin kayan da ba za a saya ba, daga nan sai a yanke cewa tafiya da kowa ba ta yiwuwa. Akwai kuma wani gargaɗi da masu ɗokin haɗe yara kan tsallake: ita kanta Sanarwar Salamanka ta yarda cewa kurame, saboda buƙatarsu ta harshen hannu, karatunsu na iya fin dacewa a makaranta ko sashe na musamman. Za a dawo kan wannan a 4.5.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyoyi uku. Ta farko ita ce karanta dokoki da manufofin da aka ambata domin fito da ma'aunin da hukuma ta ɗora wa kanta. Ta biyu ita ce lissafin fili a kan aji mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8, wato murabba'in mita 56, a matsayin abin gwaji. Ta uku ita ce kwatanta ajin boko da makarantar allo da wasu tsare-tsaren ƙasashe masu tasowa. An auna kowace shawara da tambayoyi biyu: shin malami ɗaya zai iya aiwatar da ita, kuma shin kafinta ko magini na garin zai iya yin abin da take buƙata?

4.0 Nazari

4.1 Su Wane ne ke Cikin Ajin

UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya, wato ɗaya cikin goma, suna da wata naƙasa. Idan aka ɗauki wannan ma'auni, aji mai yara tamanin zai ƙunshi kusan takwas, in har sun zo makarantar. Kaɗan daga cikinsu ne ake gane su da ido. An ga nau'in asali na cutar shan-inna karo na ƙarshe a Jihar Kano a watan Yulin 2014 a Sumaila, wadda dajin Falgore ya haɗa ta da Tudun Wada da Doguwa, don haka guragun shan-inna sun ragu a cikin 'yan firamare na yau. Sauran dalilai suna nan: sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai fitar da mugunya suna barin raunin ji, doguwar naƙuda da shawarar jarirai suna barin lalurar motsi, ga sikila da farfaɗiya da i'ina, ga zabiya da hasken rana ke cutar da idonsa.

Yaron da ba ya jin rabin abin da malami ke faɗa, ko ba ya ganin allo daga sahu na shida, ba a rubuta shi a matsayin mai buƙata ta musamman. Daƙiƙi ake ce masa, a tura shi baya, abin da ke ƙara nesanta shi da murya da allon. Wannan rukuni ya fi na masu keken guragu yawa, kuma gyaran da yake buƙata ya fi araha.

Akwai bambancin da bai shafi jiki ba. 'Ya'yan Fulanin rugagen Falgore da Dansoshiya kan shigo aji ɗaya da Fulatanci, wasu ƙauyukan kan iyakar Kaduna kuma suna da Kurama. Akwai ɗan shekara goma sha biyu da ya fito daga tsangaya yana karanta baƙin Larabci sarai amma bai san na boko ba, da yarinyar da talla ke hana ta darasin farko. Rukuni mafi girma kuwa shi ne na yaran aji huɗu zuwa shida da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi.

4.2 Fili da Kayan Zama

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta sa malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. A aji mai murabba'in mita 56, idan aka cire mita ɗaya da rabi a gaban allo, saura murabba'in mita 45.5. Yara 35 za su sami 1.3 kowannensu. Yara 100 ba za su sami ko rabin murabba'in mita ba. Keken zama na buƙatar da'ira mai faɗin mita ɗaya da rabi kafin ya juya, wato gurbin yara kusan huɗu a irin wannan cunkoso. Lissafin ya nuna cewa duk shawarar da ta dogara ga ƙarin sarari a cikin ɗaki ta faɗi tun kafin a fara.

Benci mai haɗe da tebur, na katako a kan ƙarfe, shi ne abin da aka saba saye, kuma shi ne mafi taurin kai a cikin kayan aji. Yana da nauyin da yara ƙanana ba sa iya juya shi. Tsayinsa ɗaya ne ga ɗan shekara shida da ɗan sha uku. Mai sandar dogarawa ko mai taurin gwiwa ba ya iya zura ƙafa tsakanin mazauni da tebur. Ya kuma tilasta wa kowa kallon gaba, ta yadda mai raunin ji ba ya ganin bakin abokinsa da ke amsa tambaya a bayansa. Inda benci bai isa ba, masu ƙarfi ne ke kama shi, raunana su zauna a ƙasa ko a taga.

Abin da takardar ke ba da shawara shi ne cakuɗa kayan zama iri uku: bencina marasa tebur da yara biyu za su iya ɗagawa, tabarmi da allon cinya na rubutu, da 'yan tebura da kujeru rarrabe guda huɗu ko biyar kusa da ƙofa domin waɗanda zaman ƙasa ke wahalar da su. Da waɗannan ana iya komawa daga sahu zuwa rabin da'ira ko rukuni-rukuni a cikin 'yan mintoci, na tabarma a gaba, na benci a baya, kowa na ganin fuskar malami. Za a ce zaman ƙasa shi ne abin kunyar da ake ƙoƙarin kawarwa. Abin kunyar shi ne zama a kan fasasshen daɓe mai ƙura. Tabarma a kan lafiyayyen siminti zama ne da malaman zaure suka yi ƙarnoni suna ba da ilimi a kansa, sharaɗinsa kawai shi ne kuɗin da aka rage a benci a zuba shi a daɓe mai kyau.

Bango ma fili ne da ake bari a banza. Makarantun gwamnati a Tamil Nadu ta Indiya sun shafa baƙin fenti a ƙasan bango daidai tsayin yaro, kowa da gurbin rubutunsa. Idan aka yi haka a bango uku, aji ya daina samun gaba ɗaya tilo, malami na iya tsayawa ta kowane ɓangare, kuma yana ganin rubutun yara da dama a kallo ɗaya. Baranda mai faɗi da inuwar darbejiya a harabar makaranta su ne ƙarin ɗakin da ba a biya kuɗinsa ba, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu babu ruwan da zai kore rukunin da ke karatu a can.

4.3 Haske da Sauti

Tagogin ƙarfe ko na katako suna da hali biyu kacal, buɗe ko rufe. Da hunturu ana rufe su saboda sanyi da ƙura, ɗaki ya yi duhu daidai lokacin darasin safe. Bulo mai huda a saman taga, da farar ƙasa a bango, da sabunta baƙin allo kowane zango suna rage matsalar da kuɗi kaɗan. Zabiya ya zauna kusa da allo nesa da taga, a bar shi da hularsa. Malami kada ya tsaya taga na bayansa, domin fuskarsa kan shiga inuwa, mai karanta leɓe ya rasa abin kallo.

Ƙarfin murya yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka a fili, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada hayaniyar aji ta wuce desibel 35. Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama, kuma rufin kwano marar silin yakan haɗiye muryar malami ɗungurungum idan ruwa ya sauko, kamar yadda yake turo zafi da bazara. Silin, wanda ake yawan cirewa idan ana rage kuɗin gini, yana cikin kayan ji da gani.

Tantancewa ba ta buƙatar asibiti a matakin farko. Takardar gwajin ido mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban ana karanta ta daga mita 6, tsawon ajin ya isa, kuma yaron da bai iya karatu ba yana nuna amsa da yatsu. Gwajin raɗa daga bayan yaro yana nuna wanda ya kamata a tura wurin ma'aikacin lafiya. Sakamakon waɗannan biyun ya kamata ya yanke wurin zaman kowa a farkon shekara, a maimakon tsawo ko rigegeniya.

4.4 Rukuni da Lokaci: Abin da Makarantar Allo ta Riga ta Warware

Ajin boko ya ɗauka cewa duk yaran da suka shigo tare za su yi tafiya tare, shafi ɗaya a mako ɗaya. Kalandar yankin ba ta yarda da haka ba. Zangon farko ya faɗa cikin kaka, lokacin yankan shinkafa da karyar masara da dawa. Zango na uku ya haɗu da shuka da noman fari. Tsakaninsu ga noman rani a bakin ruwa, ga tashin makiyaya zuwa kudu neman ciyawa, ga ranakun kasuwa irin ta Kwanar Dangora. Yaron da ya yi mako uku a gona yakan dawo ya tarar an wuce shi, babu wata hanyar komawa inda ya tsaya. Mai sikila da ciwo ya kwantar da shi haka yake tararwa. Giɓin yana taruwa shekara bayan shekara har yaro ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba.

Makarantar allo ba ta da wannan matsala. Kowane almajiri da allonsa, kuma allon shi ne shaidar inda ya tsaya. Ba ya wanke shi sai ya biya daidai, ba ya jiran kowa, ba a kuma jiransa. Matakan a fili suke, daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa haɗa baƙi zuwa sauka, kuma ƙwarewa ce ke ɗaga yaro. Kolo da titibiri da gardi suna zaune a wuri ɗaya, manya na biya wa ƙanana, malam ɗaya na riƙe da ɗalibai masu yawa ta wannan hanya. Zaman karatu ya kasu safe da yamma da dare, yana barin gurbin gona. Makaho yana da cikakken matsayi a wannan tsari tun da, domin kunne da hadda sun ishe shi, ƙasar Hausa kuma ta san makafin alarammomi.

Wannan ba yabo ne marar iyaka ba. Bulala ba ta da gurbi a ajin da ake magana a kai, hadda ba tare da fahimta ba ba ta isa ga lissafi da kimiyya, kuma tsarin da ya dogara ga baki da kunne ya bar kurma a waje kamar yadda boko ya bar shi. Abin ɗauka shi ne ƙashin ginin: mataki bisa ƙwarewa, shaidar ci gaba a hannun yaro, da koyarwar tsara.

Ƙasashen waje sun iso ga wannan tsari ta wata hanya. Shirin Escuela Nueva da aka fara a Kolombiya a 1975 ya rarraba manhaja ƙananan kashi-kashi domin 'ya'yan manoman kofi su tafi girbi su dawo su ɗora. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da koyarwa bisa matakin yaro, inda ake gwada kowa da baki, a raba su rukunin baƙi, kalma, sakin layi da labari na wani ɓangaren yini. An gwada wannan a Jihar Kano a shirin KaLMA, wanda aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Ga iyaye da malaman Bebeji ko Doguwa, bayyana shi a matsayin tsarin allo da aka kawo cikin boko zai fi saurin karɓuwa fiye da gabatar da shi a matsayin baƙon abu.

A aikace, ana iya ware awa ɗaya ko ɗaya da rabi kowace safiya a rushe azuzuwa a koma rukunin mataki a karatu da lissafi, sauran yini a koma aji na yau da kullum. Kowane yaro ya riƙe katin da ke nuna matakinsa. Wanda ya yi fashi ya dawo kan katinsa. Fa'idar da ta fi muhimmanci ga wannan nazari ita ce mai jinkirin fahimta ba ya zama abin nunawa, tunda kowa a makarantar yana cikin wani rukuni, kuma ana sake gwaji bayan 'yan makonni domin kada rukuni ya zama tambari. A nan ne kayan zama marasa nauyi da allon bango suka zama wajibi: rukuni huɗu ba sa yiwuwa a ɗakin da bencinsa ba ya motsi.

4.5 Harshe da Maganar Hannu

Bugun 2013 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi koyarwa da harshen muhalli a shekaru ukun farko. A wannan yanki ana ɗaukar harshen muhalli Hausa ce, alhali ga ɗan ruga harshe na biyu ne. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, amma yaran da suka zauna kusa da gari makarantar kowa suke shiga. Zaunar da su biyu-biyu da wanda ya iya harsunan biyu, da rubuta sunayen abubuwa a bango da Hausa da Fulatanci, mataki ne da ba ya cin kuɗi. Ga wanda ya fito daga tsangaya kuma, ajami gada ce: yaron da ya san yadda wasali ke hawa kan baƙi ya riga ya fahimci ginin gaɓa.

Batun kurame ya fi wuya. Schmaling (2000) ta nuna cewa maganar hannu ta kuramen Hausa cikakken harshe ne mai nahawunsa, kuma masu ji da dama a kasuwa da ƙauye suna iya taɓa ta. Makarantun kurame na Nijeriya kuwa sun gaji alamomin da suka samo asali daga Amurka ta hannun Foster. Kurman ƙauye yana zuwa da na gida, makaranta ta tarbe shi da wani. Ajiye kurma shi kaɗai a cikin masu ji tamanin, gaban malamin da ba ya maganar hannu, keɓewa ce ko da sunanta haɗewa. Tura shi Tudun Maliki daga Riruwai kuma tafiyar sa'o'i ce da rabuwa da gida, abin da iyaye da yawa ba za su yarda da shi ba, musamman ga 'ya mace.

Mafita ta tsakiya ita ce sashen tallafi a makarantar firamare ta tsakiya a kowace ƙaramar hukuma, inda kurame za su taru su isa yin hira da juna, su yi darasin harshe da karatu tare, su shiga sauran yara a wasa da sana'a. Makaho zai koyi rubutun Braille a nan kafin ya koma ajin unguwarsu. Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Bayero yana yaye malaman da za su riƙe irin wannan sashe, kuma ɗaukar baligin kurma na garin a matsayin mataimaki zai haɗa maganar hannun gida da ta makaranta.

4.6 Daga Bakin Ƙofa zuwa Takardar Kwangila

Ma'aunin gangara da aka amince da shi shi ne tashin ɗaya a cikin tsawon goma sha biyu. Ginin da aka ɗaga santimita 45 daga ƙasa yana buƙatar gangara mai tsawon mita 5.4. Abin da aka fi gani shi ne ɗan tudun siminti mai tsawon mita ɗaya ko biyu, wanda babu mai hawansa shi kaɗai. A ƙasa mai duwatsu da zaizaya irin ta Doguwa, ruwa kan cinye gindin gangarar a damina ɗaya ya bar matakala a inda aka so kawar da ita, don haka hanyar da ta taso daga ƙofar makaranta tana cikin aikin.

Zayyanar da aka kwafo daga waje tana ɗaukar keken zama mai ƙafa huɗu. Abin da yara ke hawa a nan shi ne keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya fi tsawo, ba ya juyawa a cikin aji. Yana buƙatar wurin ajiya mai inuwa daf da ƙofa, ƙofa mai faɗin santimita 90 marar dokin ƙofa, da ɗan gajeren nisa zuwa mazauni. Makewayi ya fi wannan tsanani. Yaron da ke tafiya da hannuwansa ba zai shiga masai mai jiƙaƙƙen daɓe ba, sai ya riƙe fitsari har a tashi ko ya daina zuwa. Ɗaki ɗaya mai mazauni ɗagagge, da mariƙin ƙarfe a bango, da buta a kusa, yana amfanar shi da mai sikila da yarinyar da ta fara al'ada.

Duk waɗannan abubuwa takarda ɗaya ce ke yanke su, wato zanen aji da jerin kayan da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha ke miƙa wa ɗan kwangila. Kason da asusun ilimin bai-ɗaya na tarayya ya ware wa ilimi na musamman kashi 2 cikin 100 ne, kuɗin gini da kujeru kuwa suna fitowa daga babban kason da jiha ke haɗa nata da na tarayya. Saboda haka silin, da daɓe, da allon bango, da gangara mai tsawon da ya dace, da bencina marasa tebur su shiga cikin zanen kowane aji, kada a jingina su ga ƙaramin kason. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da kwamitin al'umma na makaranta su riƙe kwafin zanen, kuma kafin a sa hannu a takardar kammala aiki a sa mai keken guragu na garin ya hau gangarar ya shiga makewayin da kansa.